Gangaren da Ba Ya Ɗaukar Mutum Biyu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya ɓoye wani ruwa a ƙarƙashinta, ya ɗora wani a bisa kanta. Ku gyara zama, jama'a. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai gyangyaɗi ya koma baya, domin ni Korau ɗan Tunau ba na maimaita magana, ba na kuma son a katse ni. Na taka ƙasashe bakwai, na haye koguna tara, amma yau labarin gangare guda zan ba ku.

Mu biyu ubanmu ya haifa, ni da yayana Arzika, sana'armu kuwa haƙar rijiya a garin Tungar Sarwa. Shi ke shiga rami, ni ke riƙe igiya. Shekara ashirin da uku muna haka, igiyar nan ba ta taɓa kuɓuce mini ba, ko a ranar da kunama ta harbe ni a ƙafa ina riƙe da ita. Ƙa'idar gidanmu guda ce: in na cikin rami ya kira sunanka, ka amsa da jikinka, ko da gobara ce ta tashi a ɗakinka. Arzika ba ya tsoron zurfi ko kaɗan. Amma ɗora shi a kan rumbu ka sha kallo, nan take gwiwoyinsa za su kama kaɗawa.

Gulbinmu, Sarwa, yana da wani hali. A tsakiyar bazara, sa'ad da ko ɗigo bai faɗo daga sama ba, sai ya cika ya tumbatsa, rijiyoyinmu su biyo shi. Ba wanda ya san daga ina ruwan yake zuwa. Wata rana muna cin tuwo, Arzika ya ajiye loma ya ce, "Korau, kafin in mutu ina so in ga inda ruwan nan yake fitowa."

Na ce, "Haba Yaya! Ka ƙare rayuwarka kana bin ruwa ƙasa, yanzu kuma sama za ka bi shi?"

Da na ga ya rataya gugansa na fata a wuya ya ɗauki dagi, na san magana ta ƙare, na naɗe igiyata na bi bayansa. A bakin zaure matarsa Hakama ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Korau, kai na ba amana. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo mini da shi." Na bugi ƙirji na ce ko kwarzane ba zai yi ba.

Muka kama bakin gulbi muna haurawa. Mun ratsa ƙasar Zumbai, inda mutane ke gina ɗakuna a bayan manyan kunkuraye, ka yi zango a gabas da gari ka wayi gari a yammacinsa. A ƙasar Wargaji aka kama mu, wai mun sha ruwan gulbi ba mu nemi izinin sarkin ruwa ba, aka yanke mana kwana arba'in a rami. Rami! Mu za a tsorata da rami? Na zauna a ƙasa ina zuba wa masu gadi labarai, ƙarya da gaskiya, suna leƙowa suna ƙyaƙyata dariya, Arzika kuwa yana bayana yana haƙa ta gefe. Kwana biyu sai ga mu mun ɓullo a tsakiyar gonar kabewa, muka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

A wata na biyar gulbi ya tsuke har ina iya tsallake shi da taku ɗaya, sanyi ya fara cin ƙashi. Muka ɗaga kai sai ga Duwatsun Hargal, sun tokare sama, fari fat tun daga kai har ƙugu. Na rantse gishiri ne. Da muka isa na damƙi cikin hannu na watsa a baki, wayyo, haƙorana suka ɗauki tsami kamar an buga mini guduma. Mutanen wurin, Hargalawa, suka yi ta dariya. Suka ce wannan ita ce dusar ƙanƙara, daga sama take zubowa duk lokacin sanyi. Suka ba mu rigunan gashin tumaki da wasu takalma masu faɗi kamar faifai, don kada mu nutse. Da muka ce kan dutse muke so mu hau, sai dariya ta ɗauke. Suka ce ba mai hawa a wannan lokaci sai da Iya Turgo.

Iya Turgo wata 'yar tsohuwa ce da ba ta kai mini kafaɗa ba, tana riƙe da gora mai tsawon gaba biyu, da shebur na itace a goye. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Zan kai ku. Amma a can sama ni ce uwa ni ce uba. In na ce tsaya, ko ƙafarka tana sama ka bar ta a sama."

Na ce, "Iya, mun ji mun karɓa." A zuciyata kuwa cewa nake, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta koya wa Korau tafiya?

Kwana biyu muna hawa, muka iso wata bukkar duwatsu a gefen wani gangare. Gangaren nan ya shimfiɗu sumul, ba dutse ba itace, daga can sama ya sulalo har cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Hanya ta ratsa ta tsakiyarsa, faɗinsa bai fi taku ɗari da hamsin ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, yau ga hanya mai kyau," na ɗaga ƙafa. Gorar Iya ta sauka a ƙaurina, ƙwal!

Ta durƙusa a gefe ta haƙa rami har ƙugunta, ta share bangonsa da hannu ta ce mu duba. Ni dai fari kawai na gani. Amma Arzika ya diro cikin ramin, idanunsa na ƙyalli, ya ce, "Korau, zo ka ga ikon Allah! Hawa-hawa ce, kamar ƙasar rijiya!"

Iya ta ce, "Kowane zubi da nasa shafi. Danna nan." Ya danna na sama, da tauri, yatsa ba ya shiga. Ta ce, "To, nan fa?" Can ƙasa, kamu uku, akwai wani siririn shafi. Ya sa hannu, sai ya zube masa a tafi warwar, ya matse shi ya ƙi dunƙulewa.

Arzika ya yi salati. Ya ce, "Laka a kan rairayi. Iya, irin wannan ce ke rufta rijiya."

Ta ce, "Ashe kai ɗan gari ne." Ta yanka wani gunduma ta buga masa shebur sau biyu, sai ya sulale ya faɗo a ƙafafunmu. Ta nuna gangaren da haɓa ta ce, "Haka zai yi gaba ɗayansa. Wannan zaftarewar mu ba ma kiran sunanta a nan, Mai Saukowa muke ce mata. Ta ci mijina, ta ci ƙannena biyu. Za mu jira."

Kwana uku muka yi a bukkar nan. Su biyu kullum suna cikin rami suna shafa bango suna ƙus-ƙus, ni ina gefe haushi kamar ya kashe ni. Yayan da bai fi ya yi mini magana uku a wuni ba, ga shi yana zuba da tsohuwa kamar kanya. A safiya ta huɗu ta buga gunduma sau goma sha biyu kafin ya motsa. Ta miƙe ta karkaɗe jiki ta ce, "Bai warke ba, amma zai ɗauki mutum ɗaya. Abincinmu ya ƙare, sai mu haye tun rana ba ta dafa shi ba."

Na warware igiya na fara ɗaura wa Arzika a ƙugu. Ta ce, "Kwance."

"Iya, me kika ce?"

"Na ce kwance. In ta ɗauki ɗaya, igiya za ta ba ta na biyu kyauta. Ɗai-ɗai ake hayewa. Ɗaya ya taka, sauran su zama idanunsa, in ta ɗauke shi su ga inda ta kai shi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, ke ba ki san mu ba. Mutumin nan ko kan rumbu ba ya iya tsayawa. Tunda nake ban taɓa barinsa a wurin haɗari ba igiya ba!"

Ta ce, "Wannan a garinku ne, ɗan nan. Nan nauyinka shi ne ajalinsa."

Arzika da kansa ya kwance ƙullin ya miƙo mini. Wallahi ji na yi kamar ya mare ni.

Iya ta fara hayewa, taku ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba tsayawa, har ta kai wani baƙin dutse a ƙetare ta ɗaga gora. Arzika ya yi bisimilla ya shiga sawunta. Ina ƙirga masa. Talatin. Hamsin. Saba'in. Sai shaiɗan ya sa ya dubi ƙasa, ya hango kwazazzabon nan ya buɗe baki. Ya tsaya cak. Ya durƙusa ya kama dusa da hannu biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Korau!"

Jama'a, shekara ashirin da uku in na ji wannan kira jikina ke amsawa, ba kaina ba. Ban san lokacin da na shiga gangaren ba. Ina hango Iya tana kaɗa gora tana tsalle, ban kula ta ba. Ina gudu ina cewa, "Ga ni nan, Yaya, ga ni nan!" Saura taku biyar in kama shi, sai na ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafata, dim, ƙasa ta ɗan zauna da mu. Wata tsaga ta keto a samanmu, ta ruga dama da hagu kamar an keta farin ƙyalle. Gangaren gaba ɗaya ya motsa.

Tabɗijam! Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Ƙara kamar tsawa dubu. Dusa a baki, dusa a hanci, ana birkima ni kamar ƙwarya a ambaliya. Na yi ta iyo da hannu da ƙafa, sai cikina ya bugi wani gajeren itace da dusa ta ɓoye a da, na rungume shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Mai Saukowa ta bi ta kaina ta wuce. Can sai tsit.

Na tofar da dusa na miƙe, jini na zuba a goshina. Na duba ƙasa. Kwazazzabon ya cika da manyan gunduma-gunduma, fari ko'ina, babu Arzika babu alamarsa. Na yi ta ƙwala masa kira ina dirowa ina faɗuwa, ina tono nan ina tono can kamar mahaukaci.

Iya ta sulalo ta iso ni, ta ɗauke ni da mari. Ta ce, "Natsu! Ni ban ɗauke ido daga kansa ba. A wajen dutsen can mai tsini ya nutse, ƙasa da nan za mu nema." Ta jefo mini shebur, ta fara caka gora cikin dusa, taku ɗaya caka ɗaya, sai kuma ta kama waƙa: "Ɗan ƙasa, riƙe iskarka, muna tafe."

Na ce, "Iya, waƙa? Yanzu?"

Ba ta daina cakawa ba ta ce, "Baiti talatin ce. Iyakar numfashin wanda aka rufe ke nan. In ta ƙare, gawa ake nema." Ta ci gaba.

Ban taɓa ƙin wata waƙa kamar wannan ba. Baiti na biyar, gora ta shige ba komai. Na tara, ta bugi dutse. Ina biye da ita ina ganin fuskar Hakama a bakin zaure. A na goma sha shida gora ta tsaya a kan wani abu mai laushi. Iya ta sake dannawa a hankali, ta bar ta a tsaye ta ce, "Shi ne. Zurfinsa gaba guda da rabi."

Na ɗaga shebur zan haƙa a gindin gorar, sai hankalina ya dawo. Wannan kam aikinmu ne. In rijiya ta rufta da mutum ba a tsayawa a kansa, sai ka danne 'yar iskar da ta rage masa. Na ja da baya zuwa ƙasan gangare, na fara yanka rami ta gefe ina nufar bakin gorar. Iya ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta koma bayana tana kwashe abin da na watso, tana waƙarta.

Ku da kuka ji dusa kuna tsammani abu ne mai laushi, to wadda Mai Saukowa ta tara tauri gare ta kamar daɓe. Ina sara ina ɓamɓarowa, ina sara ina ɓamɓarowa. Ashirin da biyu. Tafin hannuna ya fashe. Ashirin da shida. Shebur ya tsage biyu, na jefar da rabi na ci gaba da rabi. Ashirin da tara, ban kai ba. Talatin. Muryar Iya ta ɗauke.

Iya ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, sai haƙuri."

Na ture hannunta na ce, "Waƙarku ce, ba tamu ba! Wanda ke cikin nan mahaƙin rijiya ne, ƙasa ta rufe shi sau biyu ya fito. Kwashe, Iya, don girman Allah kwashe!"

Ta kwashe. Na yar da guntun shebur na koma tono da yatsu, ina kuka ina zagin kaina. Can farcena ya kama wata baƙar fata. Guga! Na bi ta na tone, sai ga kan Arzika, ya kifa gugan a fuskarsa ya tokare shi da gwiwar hannu, kamar yadda yake yi in bangon rijiya ya zubo. 'Yar iskar da ke cikin gugan nan ita ta riƙe shi. Na fizge gugan. Leɓunansa sun yi shuɗi, ba ya motsi. Iya ta ture ni gefe, ta zaro dusa daga bakinsa da yatsa, ta haɗa baki da nasa tana hura masa iska. Sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. A na bakwai ƙirjinsa ya zabura, ya yi wani tari da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Na yi kabbara har duwatsu suka amsa. Muka tone shi muka ja shi bayan wani dutse, muka naɗe shi da rigunanmu, Iya ta hura wuta. Da ya iya magana ya dube ni ya ce, "Ni na kira ka."

Na ce, "Ni kuma na taho, Yaya."

Iya ta nuna ƙasan kwazazzabon, inda wani siririn ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin tarin dusa. Ta ce, "Abin da kuka zo nema ke nan. Duk farin nan da kuke gani, in zafi ya zo narkewa yake yi ya gangara garinku." Arzika ya damƙi dusa ya riƙe a tafinsa har ta zama ruwa tana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Yana dariya yana hawaye ya ce, "Korau, na ga mafarin Sarwa, har ya shiga mini hanci."

To, amma tsugune ba ta ƙare ba. Muna ƙasan kwazazzabo, hanyar fita kuwa guda ce, ta wani gangaren da ya fi na farko faɗi, a ƙarƙashinsa kuma wawakeken rami ne da ba a ganin iyakarsa. Washegari da safe Iya ta haƙa raminta da guntun shebur, ita da Arzika suka shafa bango, ta buga gunduma. Ta ce, "Mutum ɗaya." Ta dube ni, ta haye.

Arzika ya tsaya a bakin gangaren ya ce, "Korau, na san halina. Zan tsaya, zan kuma kira ka. Kada ka zo."

Na ce, "To, Yaya."

Ya shiga. Na rungumi wani dutse da hannun hagu, na kafe shi da ido. Sittin. Tamanin. A taku na casa'in da huɗu ya tsaya, ya durƙusa.

"Korau!"

Ƙafata ta ɗaga da kanta, na mayar da ita. Na cusa hannun dama a baki na ciza.

"Korau!"

Na ƙara cizawa, na ji gishirin jini a harshena. Hawaye na zuba suna daskarewa a gemuna, amma ban yarda na ƙifta ba, don ni ne idanunsa. Ya kira na uku, muryar ta karye kamar ta ƙaramin yaro. Wallahi da a sare mini hannu ya fi mini sauƙi. Na tsaya.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a durƙushe ba. Can na ga ya ɗago kai ya dubi sawun Iya. Ya miƙe a hankali. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar. Casa'in da biyar. Casa'in da shida. Bai sake duban ƙasa ba har ya kai, Iya ta kama hannunsa ta jawo shi bayan dutse, ta ɗaga mini gora.

Da na haye na iske shi zaune yana haki. Ya ga hannuna yana ɗigar jini, ya yagi bakin rawaninsa ya kama ɗaure mini. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ka ji ni?"

Na ce, "Na ji ka, Yaya. Sau uku."

Ya ja ƙullin ya ɗaure tam ya ce, "Madalla, ƙanena."

Nan na kawo, nan na ajiye. Wanda yake ganin na ƙara gishiri ya matso kusa, ga tabon haƙorana nan a bayan hannuna, guda shida, ya ƙirga da kansa.